Ƙunzugu da Kunu: Lissafin Gidan Mai Goyo a Gure

Jawabin da wani ɗan ƙungiya, ɗalibin jami'a, ya gabatar a zaman matasa ranar bikin tunawa da kafuwar ƙungiya



  Waɗanda suka taso tun asuba daga Gidigir, Kelle, Bune da Subdu, sannunku da hanya.

Na ga wasu suna murmushi tun da aka karanta kan maganata. Ranar biki ce, kowa ya sha sabbin kaya, ga malamai zaune, sai wani gwauro ya miƙe wai zai yi maganar ƙunzugu da kashin jarirai. To, ku yi dariyar yanzu ku gama, ba laifi. Amma ku duba zauren nan. Cikinmu akwai waɗanda aka ɗaura wa aure bara, akwai masu jiran bayan kaka, kuma da wuya a samu mutum ɗaya a nan da babu mai goyo a gidansu. Abin da na zo da shi ɗaya ne: a gidan talaka mai jariri, kuɗin tsabtar yaro da kuɗin cimakarsa daga aljihu ɗaya suke fita, in ɗaya ya gaza sai ya ja ɗayan ƙasa. Mu kuwa duk lokacin da muka tashi taimako, hatsi kaɗai muke gani.

Iyayen da suka goye mu ba su san famfas ba. Tsohon zani ake yagawa gida huɗu ko shida a yi ƙunzugu, a shimfiɗa wani tsumman a bayan uwa kafin a ɗora yaro. Uwa ta san lokacin ɗanta. Da ya farka, ko ya gama shan mama, sai ta zaunar da shi a kan ƙafafunta har ya yi abin da zai yi, kafin ya fara tafiya ya riga ya saba. Wannan dabara ba a sayen ta a kasuwa, amma tana cin abu uku: ruwa, sabulu da lokacin uwa. Ku riƙe ukun nan, za mu dawo kansu.

Shi famfas asalinsa sunan haja ne, Pampers, wadda kamfanin Procter & Gamble na Amurka ya fitar kasuwa a 1961. Mu kuma muka mai da sunan na kowane ƙunzugun leda, kamar yadda muke ce wa kowane garin sabulu omo. Ƴan lakwal su ce kush. Yau ba sai ka je Damagaram ba, mai tebur na unguwa ma yana fasa fakiti ya sayar ɗaya-ɗaya, ga kuma na buhu marasa suna da ake zubawa a faranti cikin ƙura. Ban zo in zagi famfas ba fa. Matar da za ta hau mota daga nan zuwa Damagaram, kusan kilomita 170, da jariri a cinya, ta san amfaninsa. Malamar lakwal da za ta bar ɗanta wajen maƙwabciya ta sani. Uwar da ta yini tana daka da ɗiban ruwa, take son ta samu barcin awa huɗu ba tare da an jiƙa mata shimfiɗa ba, ita ma ta sani.

Matsalar tana wajen lissafi. Mu ɗauka guda ɗaya dala 20 ne. Jariri sabon haihuwa yana iya ɓata takwas ko goma a yini, amma mu sassauta mu ce biyar. Dala 100 ke nan kullum, jika 15 a wata. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan, tun daga Janairun 2024, jika 42 ne. Wato sama da kashi ɗaya cikin uku na albashin ya tafi a abin da za a yar a bola. Kuma mutum nawa ne a Gure ke da albashi ma? Manomi ne, makiyayi ne, ɗan kabu-kabu ne, mai garuwa ne. Sannan binciken ƙasa na 2021 ya nuna macen Nijar tana haihuwar ƴaƴa wajen shida a rayuwarta, don haka ba abin mamaki ba ne ka tarar da yara biyu masu ƙunzugu a ɗaki ɗaya. Ku da kanku ku lissafa tiya nawa ta hatsi jika 15 ke saye a watan Yuli.

To me uwa ke yi in kuɗin bai kai ba? Ƴan uwa mata sun fi ni sani. Famfas ɗaya tun safe har magariba. Ko a saka tsumma a cikinsa don ya daɗe. Ko a kankare kashin a shanya a rana a sake ɗaurawa. Ko kuwa a sayi famfas ɗin, kuɗin ƙwai da ƙuli-ƙulin da za a sa wa yaro a kunu su tafi. Babu mai faɗa maka wannan. Mace za ta iya ce wa maƙwabciyarta ba mu ɗora tukunya ba yau, amma da wuya ta ce ba ni da abin ɗaura wa ɗana, don nan take za a ce ƙazama ce.

Kada ku ɗauka mu kaɗai ne. A Amurka, ƙasar da aka ƙirƙiro abin, masu bincike na jami'ar Yale sun tambayi mata masu ƙaramin ƙarfi a garin New Haven, suka wallafa a 2013 cewa kusan uku cikin goma ba su da isasshen famfas na ƴaƴansu. Tallafin cimaka da gwamnatinsu ke bai wa talakawa ba a sayen famfas da shi, gidajen renon yara kuma ba su karɓar yaro sai uwa ta kawo na yini, in babu sai ta fasa zuwa aiki. Har ta kai sun kafa bankunan famfas, kamar yadda muke da bankunan cimaka a ƙauyuka. Abin da ya fi tsaya mini a binciken nan shi ne, an ga rashin famfas yana tafiya tare da ƙuncin zuciya da damuwar uwa. In haka ne a garin da ruwa ke zuwa har ɗaki, ina ga matar da ke sayen bido?

Yanzu mu juyo ga tukunya. Ku kun san ƙasarmu. Damana gajera ce, wata uku in ta yi kyau. Rairayi yana tafiya, yana cin gonaki, yana binne kwaruruwan da muke samun dabino da rogo da kanwa a cikinsu. Hatsin gida kan ƙare tun kafin ruwan fari, mai gida ya tafi ci-rani Najeriya ko Libiya, daga Yuni zuwa Satumba rumbu fayau, farashi a sama, kuma lokacin ne sauro ke kawo zazzaɓi. Da yawanmu muna jarirai ko ba a haife mu ba a 2005, shekarar da ta biyo bayan fari da farin dango na 2004. Ku tambayi iyayenku mata, za su ba ku labarin anza da jiga da ƙarangiya. A shekarar nan kaɗai Likitocin Na-Gari-Na-Kowa, MSF, sun yi wa yara sama da 60,000 maganin tamowa mai tsanani a Nijar. A 2010 aka sake, mutane wajen miliyan 7 suka shiga ƙarancin cimaka. Na kusa-kusa kuma duk mun gani da idonmu: takunkumin CEDEAO bayan 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka, kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabo, ba a janye shi ba sai Fabrairun 2024. Damanar 2024 ta zo da ambaliyar da ta rushe har tsohon masallacin Birni na Damagaram, ta kwashe rumbuna, ta cika masai ta fito da abin da ke ciki tsakar gidaje.

Amma ko a shekarar da ake cewa an samu albarka, binciken abinci mai gina jiki na 2022 ya nuna yara 47 cikin 100 ƴan ƙasa da shekara biyar a Nijar sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, kuma jaharmu ta Damagaram ta wuce rabi. Wannan ba yunwar da ake nunawa a talabijin ba ce. Yaro yana wasa, yana dariya, cikinsa cike da kunu, amma jikinsa da ƙwaƙwalwarsa ba su samun abin gini. Mafi yawan ɓarnar tana faruwa ne daga ɗaukar ciki zuwa cikar shekara biyu, kwana dubu na farko, kuma abin da ya kuɓuce a nan da wuya a cim masa daga baya. Daidai shekarun ƙunzugu ke nan.

Ga inda igiyar ta haɗu, ina roƙon ku saurara da kyau. Yaron da ya yini cikin jiƙaƙƙen famfas, a zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, fatar cinyarsa da mazaunansa takan yi ja, ta saɓule, ta zama gyambo. Fitsarin da kashin da suka daɗe a jiki suna iya kawo ciwon mafitsara, musamman ga ƴa mace. Yaro mai ciwo ba ya barci, ba ya cin abinci. Wannan ɗaya. Na biyu ya fi shi muni. Mutanenmu da yawa suna ganin kashin jariri ba wata ƙazanta ba ce, ai nono ne kawai. Alhali ƙwayoyin cutar zawo suna nan cike a cikinsa. Uwa ta wanke yaro da ruwa zalla don sabulu ya ƙare, ta goge hannu a zani, ta dama kunu. An jefar da famfas bayan danga, akuya ta yaga, kaji suka tone, ƙuda ya sauka a kai ya tashi ya faɗa ƙwaryar fura. Yayan jaririn, mai rarrafe, ya ɗebi ƙasar wurin ya kai baki.

Sai zawo. In yaro yana zawo, ɗan abin da ya ci ba ya zama a jiki. Ya rame. In ya rame, garkuwar jikinsa ta yi rauni, zawo na gaba ya fi saurin kama shi, ya fi daɗewa. Kuma zawo yana cin ƙunzugu: wanda biyar ke isar sa yanzu sai goma. Kuɗin da za a ƙara masa cimaka ya farfaɗo sai ya tafi wajen mai tebur. Kun ga yadda abin ke zagayawa? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu kuma sai mu ce haƙori yake fiddawa, a rataya masa wani abu a wuya, a zauna. Maganin zawo kuwa sananne ne, kuma mai araha: ruwan gishiri da sukari na ƙunshi da ake bayarwa a likita, da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba shi mama da abinci. Tun 2006 dokar ƙasa ta ce ganin likita kyauta ne ga yaro ƙasa da shekara biyar. Magani kan yanke wani lokaci, gaskiya ne, amma wannan ba hujjar zama a gida kwana huɗu ba ce.

Wani zai ce to a koma ƙunzugun zani mana, magana ta ƙare. Ni ma can na fi karkata, amma kada mu yi wa kanmu daɗin baki. Na ce ku riƙe abu uku. Ƙunzugu goma a yini wanki ne na ruwa mai yawa, kuma a unguwannin da pompi ke ɗaukewa, ko ƙauyen da rijiya ke nesa, ruwan nan kuɗi ne ko tafiya ce. Sabulu kuɗi ne. Lokaci kuwa, matar da za ta surfa, ta daka, ta ɗebo itace, ta je gona in mai gida ba ya nan, a ina za ta samo shi? Ƙunzugun zanin da ba a wanke da sabulu ba, ba a shanya shi ya sha rana ya bushe ƙarau ba, bai fi tsohon famfas ba. Shi ya sa nake cewa sabulu cimaka ne a gidan mai goyo. Wanda ya kai wa irin wannan gida tiya biyu ta hatsi ya yi alheri, Allah Ya saka masa. Wanda ya kai tiya biyu da sandar sabulu ya sa hatsin ya zauna a jikin yaro.

Malamanmu suna nan, su gyara mini in na karkace. A fiƙihun Malikiyya da muke karantawa, an yi wa mai shayarwa rangwame kan abin da ya taɓa tufarta na fitsari da kashin jaririnta, matuƙar tana ƙoƙarin kiyayewa, aka kuma so ta keɓe wata tufa ta salla. Ku duba fa, malaman da suka rubuta wannan tun ɗaruruwan shekaru sun zauna sun yi tunanin zanin mai goyo, ba su ga abin ya yi musu ƙanƙanta ba. To mu su wa? Kuma matar da zaninta biyu ne kacal, ɗaya a jiki ɗaya a igiya, wace tufa za ta keɓe?

Samari, wannan ɓangaren namu ne. Aya ta 233 a Suratul Baƙara, wadda ta yi maganar shayarwa shekara biyu, ita ce kuma ta ɗora ci da tufatar mai shayarwa a kan uban ɗan. Amma a gidajenmu da yawa mai gida ya auna hatsi ya ba da, shi ke nan ya sauke nauyi. Kayan miya, sabulu, ƙunzugu, maganin zazzaɓi, duk sai abin da matar ta samu a ƙosai ko ƙuli-ƙuli ko adashi. Akwai magidanci, wallahi, da ya san farashin katin waya da na litar mai har na jiya da na yau, amma ka tambaye shi sau nawa ɗansa ɗan wata tara ya ci abinci jiya, sai ya ce wannan ai na mata ne. Ana so yaro ya sha nonon uwa zalla wata shida, ko ruwa ba a ba shi, don nonon da kansa galibinsa ruwa ne. Binciken ƙasa na 2012 ya samu 23 cikin 100 ne kawai ake yi wa haka a Nijar. Ba don mata ba su ji a rediyo ba. Uwar miji ce za ta ce yaro zai mutu da ƙishi a wannan zafi, mijin kuma ya yi shiru. Daga wata shida zuwa takwas ana so ya ci sau biyu ko uku a yini bayan mama, daga wata tara sau uku ko huɗu, kuma ba tsinkakken kunu ba. Kunu mai kauri, a sa garin ƙuli-ƙuli ko na wake, a ɗiga mai, in da hali ƙwai ko nono ko dakakken busasshen kifi, da ganyen zogale ko kuka. Duk a kasuwarmu suke. Zancen wai yaron da ya ci ƙwai zai yi sata, mu bar shi inda muka same shi.

Malaman tarihi sun kawo cewa wani dare Sayyidina Umar yana gadin wani ayari da ya sauka a Madina, sai ya yi ta jin kukan jariri. Ya je ya yi wa uwar magana, ya koma, kukan bai tsaya ba. Da ya matsa mata, ita kuwa ba ta gane shi ba, sai ta gaya masa yaye yaron take yi da ƙarfi tun lokaci bai yi ba, saboda baitulmali ba ya yanka wa yaro rabo sai an yaye shi. Da gari ya waye ya canja dokar, ya sa a riƙa yanka wa kowane yaro rabonsa tun daga haihuwa. Abin da ya sa na kawo labarin: tsarin taimako ne mai kyakkyawar niyya, amma yadda aka tsara shi yana cutar da jarirai, kuma ba a gano ba sai da shugaba ya tsaya ya tambayi uwa. Namu rabon na azumi da na bazara, wa muka tambaya kafin mu yanke abin da za a sa a leda?

Akwai abin koyi kusa da mu. Duk wanda ya je Damagaram daga nan sai ya ratsa ta Mirya. A wannan gundumar, ƙungiyar likitocin Nijar ta BEFEN tare da ALIMA suka gwada wani abu a 2013 da 2014: suka koya wa iyaye mata sama da 12,000 a yankin Dogo yadda ake auna damtsen yaro da ɗan zaren awo mai kala uku. Yaro daga wata 6 zuwa shekara biyar, a naɗa zaren a tsakiyar damtse. Kore, lafiya. Rawaya, a kai shi a duba. Ja, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani, yau za a kai shi ba gobe ba. Aka kuma koya musu danna bayan ƙafafun yaro biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku, in wurin ya lotsa bai taso ba, kumburi ne, shi ma na gaggawa ne. Da aka auna, sai aka ga matan da akasarinsu ba su taɓa shiga aji ba ba su gaza ma'aikatan sa-kai ba, yaransu ma sun fi zuwa likita da wuri, waɗanda ake kwantarwa suka ragu. Daga nan dabarar ta bazu zuwa ƙasashe da dama. A nan jaharmu aka tabbatar da ita.

Yaron da ya faɗa ja, in ba shi da wata cuta kuma yana iya ci, ana ba shi magani a ƙaramin gidan likita, a sashen da ake kira CRENAS, uwa ta riƙa zuwa mako-mako. In ya galabaita sai a kwantar da shi a CRENI. Abin da ake ba su, Plumpy'Nut, gyaɗa ce da madara da sukari da mai da sinadarai, ƙunshi ɗaya giram 92, kuma tun 2005 akwai masana'antar da ke yin sa a Yamai. A nan zan ɗan yi tsauri. Ƙunshin nan magani ne, an lissafa wa yaro adadinsa gwargwadon nauyinsa. Uwar da ta sayar da biyu don ta sayi sabulu ko tiyar hatsi ta sauran yara, ni dai ba zan ɗaga mata murya ba, na san abin da ya kai ta. Amma ƙaton saurayi mai gemu da zai saya ya shafa a burodi ya kora da shayi a fada, wannan me za mu ce masa? In babu mai saye babu mai sayarwa. Ina roƙon mu yi alkawari a zauren nan, ɗan ƙungiyar nan ba ya ci, ba ya sayarwa, in ya gani a tebur ya yi magana.

To me za mu iya, mu da ba gwamnati ba, ba ƙungiyar ƙasashen waje ba? Shawarar da ta fi kwanta mini ta shafi suna. Ranar bakwai kowa yana nan. An yanka rago, an kafa rumfa, abokan uba sun haɗa gudunmawa, jariri ya samu riguna goma sha biyar da zai fi ƙarfinsu kafin wata biyu, da fakitin famfas da zai ƙare cikin mako. Alhali a ranar nan jaririn ba ya bukatar komai sai nonon uwarsa da ɗumi. Haɗarin yana farawa ne a wata shida, lokacin da nono kaɗai ya daina isa, yaro ya fara rarrafe yana kai komai baki. A lokacin kuwa taro ya watse, babu ko mai leƙowa. Me zai hana mu raba gudunmawarmu biyu? Duk ɗan ƙungiyar da aka yi wa haihuwa, rabi a ba shi ranar suna, rabi ma'aji ya riƙe ya rubuta ranar. In yaro ya cika wata shida, ƴan uwa mata biyu su kai wa mai jego garin kunu haɗaɗɗe, gero da wake da gyaɗa, da sabulu, da fo, da ƙunzugun yadin auduga dozin guda. In muka fara da kanmu, ba wanda zai ji an mai da shi almajiri, don kowa za a kai wa, mai shi da marar shi. Daga nan sai mu faɗaɗa zuwa gidajen da mai unguwa da ungozoma suka nuna mana.

Ƙunzugun ba sai mun saya ba. Cikinmu akwai ƴan mata da samari da suka koyi ɗinki, kuma kowane gida akwai tsohuwar atamfa mai laushi a ƙasan akwati. Famfas na leda mu ajiye kaɗan don wuraren da ba makawa: tafiya, da uwar da aka kwantar da ɗanta a likita tana kwana a tabarma. Wanda aka yi amfani da shi kuma a zubar da kashin a masai, a ƙulle ledar a binne ta da zurfi. Kada a jefa famfas ɗin kansa a masai, ba ya ruɓewa, cika ramin zai yi. Geron da waken mu saye su da kaka suna araha, ba a fafe gora ranar tafiya.

Zaren awo kuma, shugaba, ina ba da shawarar a rubuta wa hukumar kiwon lafiya ta gunduma takarda, a roƙi su turo mana ma'aikaci ya koya mana na yini ɗaya. Mu ba likitoci ba ne, ba za mu ba kowa magani ba. Aikinmu mu auna, mu koya wa uwa ta auna da kanta, in ja ne mu nemo babur. Shiga gidaje na ƴan uwa mata ne. Mu maza namu shi ne fada da ƙofar masallaci da wajen mai shayi, inda iyayen yaran suke zama.

Abu ɗaya nake roƙo da babbar murya: ban da hoto. Kada in ga matar mutane riƙe da sabulu a Facebook ko a WhatsApp an rubuta sunan ƙungiya a ƙasa. Ranar da aka yi haka sau ɗaya, ƙofofin da suka fi bukata su ne za su fara rufewa. In ana son shaida don lissafi, littafin ma'aji ya isa.

Sakatare yana da takarda biyu a bakin ƙofa, ɗaya ta masu ɗinki, ɗaya ta masu son koyon awo. Wanda ke da keke a gida ya rubuta unguwarsu kusa da sunansa, don mu san inda za a kai yadin farko.